Shafi na Bakwai

Shekara ashirin da shida Mai Tawada ya yi yana buga takardu, amma idan za a faɗi gaskiya, bai taɓa karanta ko ɗaya har ƙarshe ba. Ba wai bai iya karatu ba ne, ya iya sarai. Shi dai idan aka miƙa masa takarda, sai ya ɗaga ta wajen haske, ya murza gefenta da yatsa biyu, wani lokacin har ya shinshina, sannan ya yanke hukunci: tawada ta yi yawa, layi ya karkace, takardar ta arha ce. Abin da rubutun yake cewa kuwa ba sashensa ba ne. Wannan na matarsa ne.

Mutanen layin suna kiranta Jan Biro, saboda jan biron da kullum yake maƙale a wuyan rigarta. Teburinta yana can ƙuryar shagon, tsakanin injin yankan takarda da gwangwanin gam, inda iskar fanka ba ta kaiwa. Ita take karanta kowane aiki kafin a ɗora shi a inji. Ita take yankawa, ta ninke, ta ɗinke, ta shafa gam, ta ɗaure, kuma ita take ba wa mai aiki haƙuri idan Mai Tawada ya yi alkawarin Talata ya cika ranar Asabar. A allon da ke saman ƙofa an rubuta da manyan baƙaƙe: Maɗaba'ar Mai Tawada da 'Ya'yansa. 'Ya'yan nan uku ne. Babban yana tuƙa babbar mota, na biyun ma'aikacin jinya ne, autar tana koyarwa a wani gari, kuma a cikinsu babu wanda ya san inda makunnin injin yake.

Abin da ya hana Mai Tawada sakat shi ne shagon da aka buɗe a tsallaken titi, mai ƙofar gilas da kwamfuta huɗu. Yanzu kowa so yake katinsa ya fito da hoto da launi iri-iri. Injin Mai Tawada yana iya bugawa, amma sai an tsara aikin a kwamfuta tukuna. Saboda haka kusan kullum sai ya tsallaka titi da takarda a hannu, ya bi layi, ya jira wata mata mai dogayen farce ta ce masa, "Baba, ka dawo gobe." Wannan tsallaka titin yana ci masa rai fiye da ciwon gwiwarsa.

Mai askin da ke jikin shagonsu ne ya kawo labarin. Ya ce ya ji a rediyo gwamnati tana biya wa ma'aikata mafi yawan kuɗin kwas idan suna son ƙaro sani a kan sana'arsu, kuma a cibiyar koyon sana'a ana koyar da tsara aiki a kwamfuta, wata huɗu, yamma uku a mako. Washegari Mai Tawada ya wanke hannu da kananzir har sau biyu, ya sa rigar fita, ya nufi ofishin da ke ba da tallafin.

Ofishin yana bene na biyu, da benci guda da fanka mai kuka. Jami'ar da ya samu a can mace ce mai tabarau da igiya, irin mutanen da ba sa ɗago kai sai da dalili.

"Baba, a ina kake aiki?"

"A maɗaba'ata."

"Taka ce?"

"Tawa ce, tun daga allon ƙofa har tsintsiya."

"To, ba ka ciki. Tallafin na ma'aikata ne, waɗanda wani ya ɗauka aiki. Mai wuri shi ne yake sa hannu ya saki ma'aikacinsa."

"Ni ma ai aikin nake yi. Dubi hannuna."

Ta duba ta saman tabarau. "Na gani. Amma sai ka kawo min wanda yake sama da kai."

"Babu kowa sama da ni a wurin nan."

"Ai ita ce matsalar," in ji ta, ta kira na bayansa.

Duk da haka ya ɗauki fom ɗin, shafi takwas, don kada a ce ya hau bene a banza. A cikin motar haya dabara ta faɗo masa, kuma ta burge shi ƙwarai, har ya wuce tashar da zai sauka yana murmushi shi kaɗai.

"Maman yara, ajiye gam ɗin nan ki ji," ya ce tun daga bakin ƙofa. Ya zayyana mata abin daki-daki. Za su je a mayar da rajistar shagon da sunanta. Ita za ta zama mai wuri, ta ɗauke shi aiki, ta sa hannu, gwamnati ta biya. Bayan wata huɗu ya karɓo satifiket, a mayar masa da abinsa, shi ke nan. "Takarda ce kawai. Kujerata tana nan, makullina yana nan. Wata huɗu, kamar yau ne."

Jan Biro ta goge hannu, ta zaro bironta, ta jawo fom ɗin. Haka take da kowace takarda, ko ta kunshin sabulu ce. Ta bi shi layi-layi, leɓenta yana motsi. Da ta zo kusa da ƙarshe sai ta tsaya, ta koma sama, ta sake karantawa, sannan ta yi ɗan ƙaramin maki a gefe.

"Baban yara, ka karanta wannan kuwa?"

"Na duba. Wanda ya buga shi ya kamata a ƙwace masa inji. Dubi yadda lambar shafi ta zame."

"Ba bugun nake nufi ba. Shafi na bakwai."

Ya karɓa, ya ɗaga shi wajen taga. "Shi ma duk ɗaya, tawadarsa ta koɗe."

"Ka dai karanta."

"Karatu aikinki ne. Akwai inda aka ce miji ba zai yi wa matarsa aiki ba?"

"Babu."

"To, sa hannu."

Ta sake tambayarsa a ofishin rajista, suna zaune suna jiran a kira su. Ya ce ta bar shi ya ji da zafi. Ta kuma tambaye shi karo na uku ranar da za su miƙa takardun, a kan matakalar benen. Ya ce idan tsoron sa hannu take ji ta faɗa masa kawai. Daga nan ba ta ƙara ba. Har takardar ɗaukar aiki ita ta rubuta da hannunta, shafi guda, ta ajiye masa a gefen inji. Ya yaba tsarin layukan, ya rattaba hannu idonsa yana kan aikin da ke fita.

Ranar Litinin ya tsaya shan shayi da mai aski kamar yadda ya saba, ya shigo shago ƙarfe takwas da minti ashirin. Abu biyu ya tarar. Na farko, wani dogon littafi a kan kanta, an ɗaure masa biro da zare. Na biyu, matarsa a kan kujerarsa, kujerar nan mai juyawa da ya saya a gwanjo, wadda ko autarsa ba ta taɓa hawa ba.

"Mene ne wannan?"

"Littafin zuwa aiki. Ka rubuta sunanka da lokaci."

"Wasa kike yi."

"Shafi na uku ya ce za su iya zuwa dubawa kowace rana ba tare da sanarwa ba. Idan suka zo suka ga ma'aikaci a kan kujera, mai wuri tana shafa gam, me za mu ce musu?"

Ya ɗauki biron. Ya rubuta takwas daidai. Ta miƙa hannu ba tare da ta tashi ba, ta ja jan layi a kai, ta rubuta takwas da ashirin.

Haka aka fara. Makulli ya koma jakarta, saboda shafi na uku. Ranar da ya so ya je kallon ƙwallo da mai aski, sai da ya nemi izini, aka ba shi, aka kuma rubuta. Idan mai aiki ya shigo ya ce ina oga, Mai Tawada yakan gyara tsayuwa ya yi gyaran murya, sai ya ji daga bayansa an ce, "Ga ni nan, bismillah." Yakan haɗiye abin da ƙyar, ya ce wa kansa saura wata uku da mako uku. Ya sa fensir ya fara soke ranaku a kalandar da shi da kansa ya buga.

Sai dai akwai abubuwan da suka canza da bai yi ƙorafi a kansu ba. Ƙarfe ɗaya tana yi za ta ce ya kashe inji ya je ya ci abinci, kada ya dawo sai biyu. Ƙarfe biyar tana yi, a ranakun da ba shi da aji, za ta ce ya wanke hannu ya tafi gida ya duba darasinsa, ita za ta ƙarasa. Ranar hutun mako kuwa ko aiki ya kai rufi, ba ta bari ya leƙo. A zamaninsa shagon nan bai san ƙarfe biyar ba, bai san ranar hutu ba, ana tashi ne idan aiki ya ƙare. Mai Tawada ya ɗauka duk wannan ma shafi na uku ne, ya karɓa hannu biyu, har ya fara ƙiba.

A mako na shida jami'a mai tabarau ta iso, da fayil a hammata. Ta duba littafin zuwa aiki, ta gyaɗa kai da ta ga jan layukan. Mai Tawada yana tsaye gefen inji da tsumma a hannu. Mai aski ya bar wani bawan Allah da rabin kai a aske, ya zo ya jingina da taga.

"Yaya ma'aikacin naki?" in ji jami'ar.

Jan Biro ta ɗan juya a kan kujera, ta kalle shi daga sama har ƙasa, ba ta yi sauri ba. "Yana da hannu, gaskiya. Sai dai makara da yawan musu. Amma yana gyarawa."

"Haka tsofaffin ma'aikata suke. A riƙa haƙuri da shi."

"Ana yi."

Kafin magariba duk layin ya ji. Mai gyaran takalmi, wanda shekara goma yana ce masa oga, ya ɗaga masa hannu ya ce, "Sannu, sabon ma'aikaci. Yaya uwar ɗakin naka?" Mai Tawada ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya je ya soke ranar a kalanda tun kafin ta ƙare.

A aji su goma sha biyu ne, shi ne babba. Makon farko ya sha wuya. Hannun da ya saba ɗaure kusoshin inji ya kama ɗan abin nan na kwamfuta da ake ja a kan tebur kamar zai matse shi ya fitar da mai, duk abin da ya taɓa sai ya gudu ƙarshen allo. Malamin ya ce, "Baba, a hankali, ba gardama yake yi da kai ba." Amma ido yana nan. Tun daga bayan aji yakan hango layin da ya karkace a allon wani, kuma kafin wata biyu sauran sun fara kiransa ya duba musu launi.

Lokacin hutun rabin aji, a ƙarƙashin rumfar da ake ajiye babura, ba a hirar komai sai ta iyayen gida. Wani mai gemu ya ce nasa ogan idan aiki ya yi kyau shi ne ya yi, idan ya ɓaci kai ne. Wata mata da ke aiki a kamfanin buga kalanda ta ce shekara tara ke nan, ko sau ɗaya nata bai taɓa ce mata sannu ba. Wani ya ce nasa yana yi wa mutane alkawarin da ya san ba zai cika ba, sannan ya ɓuya ya tura ka ba da haƙuri. Mai Tawada ya yi tsaki tare da su, ya ce wasu mutane ba su da tsoron Allah.

"Kai fa, Baba? Yaya naka?"

Ya gyara zama. Dama ya daɗe yana neman inda zai sauke. "Nawa mace ce. Minti biyar ka makara, jan layi. Kallon ƙwallo ma sai ka roƙa."

"Tana ba ka ka je?"

"Tana ba ni."

"Ƙarfe nawa kake tashi?"

"Biyar."

"Biyar ta yamma? Hutun cin abinci fa?"

"Awa guda."

Suka kalli juna. Mai gemu ya matso kusa, ya rage murya. "Baba, don Allah, idan gurbi ya samu a wurinku ka tuna da ni."

Mai Tawada ya koma aji ransa a ɓace, yana ganin mutanen nan ba su san ciwon mutum ba.

Ranar da ya fara tsara kati da kansa, a tsohuwar kwamfutar da ɗansu ma'aikacin jinya ya aiko musu, ya buga shi ba tare da ya tsallaka titi ba, daɗi ya kama shi. Ya kai wa Jan Biro ta karanta. Ta gama, ta ce, "Sannu da aiki, ya yi kyau." Ya fita ƙofar shago ya tsaya da katin a hannu, yana fifita da shi, don matar tsallaken titi ta gani.

Wata huɗu suka cika. Aka ba shi satifiket, ya ɗaga shi wajen haske, ya ce ba laifi. Suka hau bene na biyu tare, shi a gaba, yana taka matakala bibbiyu duk da gwiwa. Jami'ar ta karɓa, ta buga hatimi, ta ce barka.

"Madalla," in ji Mai Tawada. "Yanzu saura mu biya ta ofishin rajista a mayar min da shagona."

Jami'ar ta ɗago kai. Tabarau ya sauka ya rataye a igiyarsa.

"A mayar maka da me?"

"Shagon. Ai kwas ya ƙare."

Ta buɗe fayil, ta lashi yatsa, ta juya shafuka, ta ɗora farce a kan wani layi. "Shafi na bakwai. Wanda aka biya wa kwas zai ci gaba da yi wa mai wurin da ya sa masa hannu aiki har shekara biyu cur. Idan ya bar aikin, ko wurin ya koma hannunsa kafin lokacin, zai dawo da duk abin da gwamnati ta kashe. Ba ku karanta ba ne?"

"Ni na karanta," in ji Jan Biro.

Suka iso shago. Mai aski ya taso da murna zai karɓi satifiket ya gani, ya kalli fuskar maƙwabcinsa, ya koma ciki ya ci gaba da share gashin da ya riga ya share. Mai Tawada ya tura ƙofa ya rufe.

"Kin sani."

"Sau uku na tambaye ka."

"Tambaya daban, faɗa daban."

"Haka ne," ta ce. "Ban faɗa maka ba."

Ya zaci za ta kare kanta, ya shirya amsoshi, sai ga shi ta bar shi da su a hannu. Ta zauna, ba a kan kujera mai juyawa ba, a kan tsohon bencinta na ƙurya.

"Na yi niyyar faɗa maka a ofishin rajista, ko ka so ko ka ƙi. Sai magatakardan ya tambaye ni sana'a. Baban yara, shekara ashirin da shida duk fom ɗin da na cike, na makarantar yara, na asibiti, idan na zo wurin sana'a matar aure nake rubutawa, ga gam a yatsuna yana manne wa takardar. Ran nan mutumin ya rubuta mai maɗaba'a a gaban sunana. Na ji daɗi. Na ji daɗin da ban san ina jin yunwarsa ba. Sai na yi shiru. Ban kyauta ba, amma ba zan ce maka na yi nadama ba."

Ta buɗe jaka ta fito da makullin, ta ɗora a kan fayil ɗin da suke ajiye takardun kwas.

"Idan kujerarka kake so, awarwarona na zinariya za su isa a mayar musu da kuɗinsu. Gobe sai mu je. Ka yi tunani."

Ta kalli agogon bango. Biyar daidai. Ta ɗauki jakarta ta tafi gida, ta bar rasit ɗari biyu ba a ɗinke ba, abin da bai taɓa gani ba tun da suka buɗe shagon.

Mai Tawada ya zauna a kujerarsa. Ya juya hagu, ya juya dama, bai ji daɗin da ya yi wata huɗu yana jira ba. Ya jawo fayil ɗin don ya nemo inda za a kama gwamnati da kuskure. Hannunsa ya ɗaga takardar wajen taga bisa sabo, sai ya sauke ta, ya shimfiɗa a kan tebur, ya sa yatsa a layin farko. Ya karanta shafi na bakwai, ga ɗan jan makinta a gefe. Ya koma shafi na uku. Maganar zuwa dubawa tana nan, amma babu hutun cin abinci, babu ƙarfe biyar, babu ranar hutu. Ya bi shafuka takwas ɗin kaf, babu su ko'ina.

A ƙarƙashin fom ɗin ya same su, a takardar ɗaukar aikin da ta rubuta da hannunta, wadda ya sa wa hannu yana kallon inji. Ma'aikaci zai tashi ƙarfe biyar. Zai sami awa guda ya ci abinci a zaune. Zai huta rana ɗaya a mako. Idan ba shi da lafiya zai kwanta, ba za a kawo masa aiki gida ba. Ba za a tura shi ba da haƙuri kan alkawarin da ba shi ya yi ba. Layi na ƙarshe shi ne mafi gajarta: idan ma'aikaci ya yi aiki mai kyau, mai wuri za ta ce masa sannu.

Ya daɗe yana kallon layin. Ta faɗa masa kuwa, duk ranar da ya yi abin kirki cikin watannin nan, shi ne bai lura cewa doka ake cikawa ba. Ya tuna lokacin da take da cikin autarsu, yadda ya riƙa kai mata kalanda gida tana ninkewa a kan gado. Ya nemi rana ɗaya da ya taɓa ce mata sannu a cikin shagon nan, ya bi shekarun baya-baya har ranar da aka kafa allo, bai samu ba. Ya tuna tsakin da ya yi a rumfar babura. Kunya ta kama shi, irin wadda ba ta buƙatar kowa ya gani. Ya tashi daga kujerar ya kunna kwamfuta.

Washegari ya riga mai shayi fitowa. Lokacin da ya ji takunta, ya zagaya bayan inji da gwangwanin mai, yana ɗiga wa wurin da ya riga ya ɗiga wa, yana leƙenta ta tsakanin ƙarafa. Ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ga an yi shara. Ta ga a littafi an rubuta bakwai da minti goma. Ta ga an ɗinke rasit ɗin jiya, wasu a karkace. Makullin yana kan kujera mai juyawa, a kan tebur kuma ga takarda guda, samfurin sabon allon ƙofa.

Ta ɗauki makullin ta sa a jaka, ta zauna, ta zaro biro. A sama, da manyan jajayen baƙaƙe, an rubuta: Maɗaba'ar Jan Biro. Can ƙasa, da ƙanana, an ƙara: da mijinta.

Kalma biyar ce duka, amma ta daɗe a kansu fiye da yadda ta daɗe a kan shafi takwas. Ya ga ta sa bakin mayafi ta taɓa ido, ta yi kamar ƙura ce.

"Baban yara."

"Ranki ya daɗe."

"Na ƙasan nan sun yi ƙanana. Wa zai tsaya ya karanta su?"

"Na san mai karantawa."

Ba ta ɗago ba. Ta rubuta "a buga" a gefe, ta sa hannu, ta miƙa masa. "Sannu da aiki."

Ya karɓa. Ya tsaya yana murza gefen takardar da yatsa biyu. Maganar ta yi masa nauyi a baki kamar ba da harshensa aka yi ta ba.

"Ke ma sannu, Maman yara," ya ce. "Har da ta shekarun baya."

Ta gyaɗa kai a hankali, ta mayar da biron wuyan rigarta. Sannan ta leƙa ƙarƙashin tebur, inda ya tura duk guntayen takardun da tsintsiyarsa ta tara.

"Na karɓa," ta ce. "Amma sharar nan sai an sake ta."